Ga ɗana, kan tambayar likita lokacin da ya rage wa Baba

Ɗana, na karanta saƙonka har sau biyu. Ka ce likitoci sun dakatar da maganin cutar dajin mahaifinka, sun mayar da shi ga masu rage raɗaɗi. Ka so ka tambaye su tsawon lokacin da suke ganin ya rage masa, sai manya suka kwaɓe ka, wai ba a yin irin wannan tambaya, ba a kuma faɗa wa majinyaci. Kana so ka ji ko ka yi laifi.

Ba ka yi ba. Waɗanda suka hana ka tausayi ne ya sa su, suna gudun kada magana ta karya masa zuciya, kuma ban ga laifinsu ba. Ajali Allah kaɗai ya san shi. Abin da likita yake yi kirdado ne daga abin da ya saba gani a jikin marasa lafiya, kuma kirdadon yana da amfani ga mai son ya shirya.

Sai dai ka san yadda za ka riƙe amsar. A shekarar 2000 an buga wani bincike da aka yi a Amurka kan likitoci 343 da majinyata 468 da ke gab da ƙarshe. Kashi 20 cikin ɗari na hasashensu ne kawai ya zo daidai, kashi 63 kuwa sun ba da lokaci fiye da wanda majinyacin ya samu. Abin da ya fi taɓa ni, likitan da ya daɗe da sanin majinyacinsa shi ya fi kuskure. Shaƙuwa tana rufe ido, ni ma na sha faɗawa wannan tarkon a shekarun da na yi ina aikin jinya. Don haka in an ce maka watanni, ka ɗauka zai iya zama makonni.

Kada ka nemi rana ko adadi. Ka ce da likitan: kwanaki muke magana, ko makonni, ko watanni? Su kansu abin da suke dubawa a gaban idonka yake. Shin yana iya tashi da kansa ko kwanciya ta fi yawa, yana cin abinci ko sai ɗan kurɓa, ƙafafu sun kumbura, numfashi yana yi masa wuya ko yana zaune, hankalinsa yana rikicewa. Sannan saurin canjin: in daga wata zuwa wata kake ganin rauni, galibi watanni ne. In kullum yau ta fi jiya muni, to kwanaki ne, ka kira duk wanda ya kamata ya zo.

Batun ɓoye masa kuma, mahaifinka ƙanena ne, ba yaro ba ne, jikinsa ya riga ya faɗa masa abubuwa da yawa. Kada ka tilasta masa ji, kada kuma ka yi masa ƙarya. Ka zauna kusa da shi ka tambaye shi ko yana so ya san abin da likita ya ce. In ya kau da kai, ka bar shi, wata rana ka sake gwadawa. In ya ce e, wataƙila akwai bashin da yake son biya, ko wanda yake son su yafi juna.

Ina nan tafe ranar Asabar in sha Allah. Ka gaya wa likitan muna so mu gan shi tare.

Goggonka