Amsa ga ƙanena kan hutun Ista a Manchester

Assalamu alaikum, ƙanena. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da su Baba da Inna, na ga saƙonka inda ka ce ka duba jadawalin digiri na biyu da ka samu gurbinsa a nan Manchester, ka ga akwai hutun makonni uku wajen ƙarshen Maris zuwa Afrilu, kana tambaya ko za ka iya cinye shi gaba ɗaya a wurin aiki domin rage nauyin kuɗin makaranta, ko kuwa gara ka leƙa gida.

Maganar leƙa gida ka ajiye ta tukuna, domin tikitin jirgi yakan yi tsada a wannan lokaci, kuma kwanakin ba su kai a yi wannan ɗawainiya saboda su ba. Game da aiki, doka ta ba ɗalibi mai bizar karatu awa 20 a mako lokacin da ake karatu, ta kuma yarda ya yi cikakken aiki a kwanakin da jami'arsa ta ayyana a matsayin hutu, saboda haka ka tabbatar da ranakun a rubuce kafin ka karɓi ƙarin aiki. Mafi ƙarancin albashi ga wanda ya kai shekara 21 an mayar da shi fam 12.21 a awa a Afrilun 2025, kuma na san idan ka juya shi zuwa naira zuciyarka za ta raya maka kada ka bar ko awa ɗaya ta wuce. Ni ma haka na lissafa a shekarata ta farko. Na yi makonnin nan uku ina aikin dare a wani rumbun ajiyar kaya, na koma aji da ciwon baya da rubuce-rubuce biyu da ban taɓa ba, jarrabawar Mayu kuma tana bakin ƙofa, makin da na samu a wannan zango har yau yana yi mini ciwo. Malamai suna ba da hutun ne da sanin cewa a cikinsa za a yi bita, don haka mako ɗaya ne kawai naka na kanka, shi ne kuma nake roƙonka kada ka sayar.

Sai ka yi hunturu ɗaya a nan za ka gane darajar wannan mako. A watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, mutum ya fita cikin duhu ya dawo cikin duhu. Lokacin da kuke fama da zafin bazara a gida, mu a sannan sanyi yake sakin mu, itatuwa su fara toho, magariba ta koma wajen ƙarfe takwas. Ranar Lahadin ƙarshe ta Maris ake tura agogo gaba da awa ɗaya, sai lokacinmu ya zo daidai da na Najeriya, ka kira Inna bayan la'asar ba tare da wani lissafi ba.

Ni dai kwana biyun farko na aikin gida ne, domin hutu ba ya daɗi a ɗaki mai datti. Gidajen nan suna riƙe danshi, bayan watannin da aka yi tagogi a rufe za ka tarar da fumfuna ta yi baƙi a gefen taga da bayan gado, sai an goge an buɗe ko'ina iska ta shiga. Nakan kai bargo da manyan rigunan sanyi gidan wanki, sannan in gangara unguwar Rusholme ko Longsight in sayo naman halal da kayan miya. Ka yi cefanenka da wuri, saboda manyan kantuna a Ingila ba sa buɗewa ranar Lahadin Ista. Daga nan sai in yi miyar kuka da ta taushe masu yawa, in rarraba a robobi in daskarar, su ne za su riƙe ni lokacin jarrabawa. Ka taho da kukarka da busasshiyar kuɓewa. Shinkafar tuwo kuwa akwai wata gajera da Turawa ke dafawa da madara, tana tuƙuwa sarai.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne shuka, wataƙila saboda gonar Baba da muka tashi a ciki. Nakan zuba irin tumatir da alayyafo a ƙananan tukwane a bakin taga, ba na fitar da su waje sai Mayu ta yi nisa, domin sanyin dare yana iya kashe su. Amfanin da ake samu bai taka kara ya karya ba, amma wanda ya wuni yana kallon kwamfuta yana bukatar ya sa hannu a ƙasa. Kai da ka fi son ƙwallo, za ka samu abokan wasa da yamma a filin Platt Fields, a can ma na haɗu da yawancin 'yan uwan da nake zumunci da su yanzu.

Fita kuwa ɗaya mai kyau ta isa. Ka yi katin rangwamen jirgin ƙasa na matasa da ɗalibai, wanda ke rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti, ka shiga jirgi a tashar Piccadilly zuwa ƙauyen Edale, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Ƙauyen yana cikin Peak District, gandun shaƙatawa na ƙasa na farko da aka kafa a Birtaniya a 1951, daga nan kuma ake hawa tsaunin Mam Tor mai tsawon mita 517. A Afrilu tumaki sun haihu, za ka ga 'ya'yansu ko'ina a gangaren, abin da kan tuna mini da rugagen bayan garinmu. Ka riƙe rigar ruwa da takalmi mai ƙarfi ko da ka ga rana ta fito, ka kuma sa darduma a jaka. Idan ruwa ya hana fita, gidan tarihi na jami'a da ke titin Oxford kyauta ake shiga.

Kada kuma ka rufe kanka a ɗaki, domin gidajen ɗalibai sukan yi tsit idan 'yan ƙasa sun tafi wurin iyayensu, kewar gida ta fi kama baƙo a irin wannan lokaci. Ka je masallacin Juma'a da wuri, ka gayyaci mutum biyu ko uku su ci tuwon da ka tuƙa. Ranar ƙarshe nakan bar ta babu komai sai barci da karatun Alƙur'ani da kiran 'yan uwa, washegari in koma ɗakin karatu. Idan Allah ya kawo ka lafiya, Edale ta farko tare za mu je in sha Allahu. Ka gaishe mini da su Baba.