Amsar tambayarka ta daren jiya kan dako da gugar sanfefa

Salam yarona. Na ga saƙonka tun daren jiya, ban amsa ba ne saboda ba maganar da za a yi a tsaitsaye ba ce. Ka ce wata 7 ke nan kana shagona na kafinta ba abin da kake yi sai shara da gugar sanfefa da ɗauko katako, abokanka da ke dako a kasuwar kayan gwari ta Farin Gada nan Jos suna komawa gida da 3,000 wata rana ma 4,000, kai kuma daga kuɗin mota sai na abinci, shi ne kake tambaya wai ni ma haka na taso, kuma ko zan bar ka ka riƙa zuwa can da safe ka dawo shago da rana. Wallahi na ji daɗi da ka tambaye ni, da yawa ba sa tambaya, sai dai kawai ka wayi gari ka ga yaro ya daina zuwa.

Toh bari in ba ka labari tun daga tushe, don ni kafin in riƙe zarto babu irin aikin ƙarfin da ban taɓa ba a garin nan.

Na fara da ɗiban ruwa ina ɗan shekara 10, wajen 1986, muna zaune a Gangare. Manya su ne 'yan ga-ruwa masu garwa biyu da sanda a kafaɗa, mu yara bokiti ɗaya ne a ka, a ba ka sisi, in matar gidan mai kirki ce ta ba ka sule ta haɗa maka da ɗumame. Sisi kwabo 5 ke nan, sule kwabo 10, na san ku yanzu ko ganin su ba ku taɓa yi ba. Lokacin albashi mafi ƙanƙanta na ma'aikacin gwamnati naira 125 ne a wata, tun na zamanin Shagari, kaga kuwa yaron da ya haɗa naira 1 a yini ba ƙaramin abu ya yi ba. Amma ka san sanyin Jos a Disamba da Janairu, da asuba ruwan nan na zubo maka ta wuya yana bin bayanka, hannu duk ya yi kaushi ƙafa ta yi faso har jini, da dare mahaifiyata Allah ya jiƙanta ta gasa min da ruwan ɗumi ta shafa basilin, gobe a koma. Kuɗin a hannunta nake zubawa duka, da shi ake sayen kananzir da sabulu.

Daga nan na koma Terminus, babbar kasuwar nan tun kafin gobarar 2002 ta cinye ta, kai ba ka san ta ba sai kango. Muna sayar da leda muna bin mata a baya, Hajiya a ɗauko kaya? Madam a kai mota? Wata ta ba ka sule biyu, wata ka kai mata buhu har bakin titi ta ce ba ta da canji. Farin Gada ɗin da kake magana ni ma na yi ta, na yi lodin kwandon tumatir da buhun kabeji da karas a motocin da ke tafiya Kudu, na yi zaman tsince baje, wato tumatirin da ya fashe, daga cikin mai kyau tun safe har la'asar, ladan wani lokaci ba kuɗi ba ne, bajen za a ba ka ka je ka sayar wa masu abinci. Don haka in ka ce min ana samun kuɗi a can na yarda, ba ƙarya abokanka suka yi maka ba.

Wanda ya fi zauna min a rai shi ne wankin kuza. Bayan farashin kuza ya faɗi a kasuwar duniya a 1985 kamfanoni suka tattara suka bar mana kududdufai da tsibin ƙasa ko'ina, musamman ta wajen Bukuru, sai talakawa suka shiga suna sake wanke abin da aka bari. In an yi hutun makaranta mukan bi wani yayanmu can. Za ka ɗebo ƙasa a kwanon sarki ka shiga ruwa har gwiwa kana jujjuyawa kana karkatarwa a hankali, yashi mara nauyi yana tafiya da ruwa, kuzar ita baƙa ce mai nauyi sai ta kwanta a gindin kwano. In ka yi gaggawa ta bi ruwa ka yi aikin banza, in ka cika jinkiri rana ta faɗi ba ka tara komai ba. Yini guda cur abin da za ka samu bai cika gwangwanin madara ba, ka kai wa mai sikeli shi ne zai faɗi nauyi shi ne zai faɗi kuɗi, kai ba ka iya karanta sikelin ba balle ka yi musu. Manya kuma suna shiga loto, ramin nan mai zurfi da ake zura mutum da igiya, akwai wani yaro ɗan unguwarmu da bai wuce sa'anka ba ƙasa ta rufta da shi, sai gawarsa aka ciro. Tun ranar mahaifiyata ta ce ko da yunwa za ta kashe mu ba zan sake zuwa ba, kuma ban sake ba. Har yau in na wuce kududdufan nan sai na tuna shi, Allah ya jiƙansa.

Na yi kwandasta na 'yan watanni a bas ɗin Terminus zuwa Bukuru, wannan ba abin da zan ce a kai sai dai murya ta dushe kuma ka koyi lissafin canji da sauri.

Sai lebura a wajen gini, ina da shekara 15 zuwa 16. Ranar zuba dakin, wato rufin kankare na bene, ita ce ranar kuɗi, a jera ku da kwanon sarki cike da kankare kuna hawa tsanin katako kuna sauka ba tsayawa, don in aka fara zubawa ba a so a bari ya sha iska, siminti yana cin tafin hannu da tsakanin yatsun ƙafa. Akwai wani ɗan kwangila da muka yi wa kwana 3 a jere, kullum ya ce gobe zai haɗa mana gaba ɗaya, ranar ta huɗu muka zo ba shi ba labarinsa. Na yi kuka ranar a kan hanya, don na riga na yi wa ƙanwata alkawarin takalmin makaranta. In ka lura duk ranar Asabar sai na sallami kowa a shago kafin in ɗauki ko kwabo in kai gida, ko da mai aiki bai biya ni ba, toh daga nan abin ya samo asali.

Kuma a wajen ginin nan ne Allah ya haɗa ni da maigidana. Shi ne kafintan da ya buga katakon dakin, da aka zo cirewa sai ya ce wa zai zare masa ƙusoshi ya miƙe su, zai biya a kan kowane gwangwani. Sauran yara suka ga kuɗin ya yi kaɗan, ni na zauna. Ka ɗora lanƙwasasshiyar ƙusa a kan dutse, gantsarar tana sama, ka riƙe da yatsa biyu ka bi ta da hama a hankali kana juyawa har ta miƙe, in ka buga da ƙarfi ta yi tsalle ko ka sami yatsa. Na ware masa inci 2 daban, inci 3 daban, inci 4 daban ba tare da ya ce in yi ba. Da ya zo ya duba sai ya ce gobe ka same ni a kasuwar Katako. Wannan 1992 ne. Shekara 5 na yi a hannunsa, shekarar farko ban yanka katakon mai aiki ko sau ɗaya ba, kuma abin da yake ba ni bai kai rabin abin da nake samu a lebura ba, sau biyu ina niyyar gudu. Abin da ya riƙe ni dusar katako ce, lokacin Abacha kananzir ya yi wuya mata suka koma murhun dusa, sai ya ce duk wadda na share tawa ce, ina ɗurawa a buhu ina sayarwa, da ita na sayi tef da sukwaya na farko.

Ban raina dako ba ko kaɗan, halal ne, da shi muka ci abinci a gidanmu. Cikin waɗanda muka yi tare akwai wanda ya zama dillali yau yana loda mota tasa ta kansa. Amma mafi yawa suna nan inda na bar su, in na je sayen kayan miya muna gaisawa, baya ya ƙage gwiwa ta tafi, yara sabbin jini sun karɓe lodin. Buhun da ka ɗauka yau shi ne za ka ɗauka bayan shekara 20, ba ya ƙara maka komai a hannu, da yamma an biya ka an gama da kai. Duk shekarun da na yi ina waɗannan ayyuka ban fito da abin da zan ce na iya ba, sai haƙuri da sanin darajar kuɗi, su ma ba ƙananan abu ba ne amma ba sa buɗe shago.

Sanfefar da kake gani kamar horo, bari in gaya maka abin da take yi maka. Wata 7 ɗin nan hannunka ya taɓa malaina ya taɓa madaci ya taɓa obece da afara, yanzu ko ido rufe na miƙa maka za ka gane mai nauyi da mara nauyi, mai laushi da mai tauri. Ka san in katako ɗanye ne takardar tana toshewa ta yi danƙo maimakon ta fitar da gari, kuma ka san katakon da ake kawo mana daga Kudu da ruwansa yake zuwa, in aka yi ƙofa da shi haka nan hunturun Jos na busawa zai tsuke ya buɗe baki a mahaɗa, mai aiki ya dawo yana faɗa, shi ya sa muke jera shi da 'yan sanduna a tsakani ya sha iska. Ka san ana farawa da sanfefa mai kaushi lamba 60 ko 80 a bi da 120 a gama da 180 ko 220, in ka tsallake ɗaya zanen ta farko ba ya fita. Ka san ana bin tsawon jijiyar katako, in ka gitta ba za ka ga komai ba sai an shafa banish sannan duk zanen ya fito fili. Ranar nan da ka kira ni ka ce Oga wannan katakon tubaifo ɗin ya murɗe kar a sa shi a gadon, ban ce maka komai ba amma na ji daɗi har raina, ni sai da na shekara ban iya ganin haka ba.

Maganar zuwa Farin Gada da safe kuwa, a'a, ban yarda ba. Da safe ake awo da yanka, da rana haɗawa ce da guga, in ka riƙa zuwa da azahar za ka shekara 3 ba ka ga yadda ake fitar da aiki daga katako ba. Na biyu kuma wanda ya yi lodi tun asuba hannunsa rawa yake yi, ba zan tsayar da shi kusa da injin yanka ba, na ga yatsun da injin nan ya cire ba ɗaya ba ba biyu ba, me zan gaya wa Mama? Ranar Lahadi ba ma buɗewa, in kana so ka je can ranar ka je, amma kar ka ɗauki abin da ya fi ƙarfinka don a ce kai namiji ne.

Ni ma akwai laifina a ciki kuma na karɓa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin keke ya ninka, abinci ya ninka, ni kuma abin da nake ba ku ban ƙara yadda ya kamata ba, daga Asabar ɗin nan zan gyara insha Allah. Sannan dusa da ɓawon filen da kake sharewa daga yau naka ne, masu kiwon kaji suna nema sosai, akwai mai zuwa duk mako zan haɗa ku. Guntayen katakon da ke bayan shago ma na ba ka, bayan an tashi ka zauna awa 1 ka buga kujera 'yar tsugunno ko allon yanka albasa ko ɗan benci, ƙusa da gam daga wajena, kuɗin duk naka, sharaɗi ɗaya ne sai na duba kafin ya fita, in ƙafa ɗaya tana rawa za ka kwance ka sake.

Gobe ka zo ƙarfe 7 da rabi kafin sauran, ka ɗauko tef da sukwaya da fensir. Teburin makarantar nan guda 6 kai za ka auna ƙafafunsu ka ja layi, ni zan tsaya a gefenka, in layin ya yi daidai kai za ka yanka na farko da zarton hannu. Ka gaishe min da Mama, ka ce mata ina nan zuwa duba ta ranar Juma'a bayan masallaci.