Kun Tambaya, Mun Amsa: Jirgin Ruwan da Ya Tashi Sama da Donald Campbell

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina yaro, zamanin mulkin Diori, a cikin wani azumi na ji manya a zaure suna zancen wani Bature da rediyo ya ce ya mutu a jirgin ruwa mai gudu irin na jirgin sama. Duk sa'ad da na ba jikokina labarin sai su ce mafarki na yi. Don Allah abin ya faru, ko tsufa ne? Daga wani dattijo, unguwar Birni, Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba. A faɗa wa jikokin nan su ba ka haƙuri. Mutumin sunansa Donald Campbell, ɗan Ingila, ya mutu ranar Laraba 4 ga Janairu 1967 yana da shekara 45, a tafkin Coniston da ke arewacin ƙasarsu. Azumin ma daidai ka tuna, domin ranar ta faɗo cikin goman ƙarshe na Ramadan 1386.

Gado ya yi. Mahaifinsa, Malcolm Campbell, ya riƙe kambun gudu na duniya a tudu da ruwa, kuma daga gare shi ɗan ya ɗauki sunan Bluebird, wato shuɗin tsuntsu. Jirgin da ya mutu a ciki, Bluebird K7, ya riga ya kafa tarihi da shi har sau bakwai. Na farko a tafkin Ullswater a Yulin 1955, gudun kilomita 325 a awa, na ƙarshe a tafkin Dumbleyung na Ostareliya ranar 31 ga Disamba 1964, kilomita 444. A wannan shekarar ta 1964 ya karɓi na mota ma, kilomita 648 a awa, kuma har yau babu wanda ya haɗa biyun a shekara guda sai shi. Abin da ya mayar da shi Coniston shi ne neman mil 300 a awa, kusan kilomita 483.

TAMBAYA: Ni bakanike ne, na san injin kwale-kwale. Wane irin inji ne zai kai jirgin ruwa wannan gudu, kuma me ya sa ya kife? Daga wani mai gareji, Sabon Gari.

AMSA: Maigida, ka ajiye farfela gefe, wannan jirgi ba shi da ita. Injin jirgin sama ne a cikinsa, mai shan kananzir, yana zuƙar iska ta gaba yana fesar da ita ta baya. Da farko inji mai suna Beryl ne, a 1966 aka sauya masa wani mai suna Orpheus da aka ciro daga wani ƙaramin jirgin soja mai suna Gnat. Ƙarfin turinsa ya kai kimanin kilo 2,000, ga shi jirgin duka bai wuce tan biyu da rabi ba, tsawonsa kamar mita 8, ƙashinsa ƙarfe, fatarsa alminiyam. Wasu 'yan'uwa biyu, Ken da Lew Norris, su suka zana shi.

Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, don haka duk jirgin da cikinsa ke nutse ba ya zuwa ko'ina. Dabarar ita ce a fitar da shi daga ruwan. K7 yana da tulluwa biyu a gaba, wato ƙananan ganguna masu riƙe shi bisa ruwa, ɗaya dama ɗaya hagu, kowane da farantin ƙarfe a ƙarƙashi, sai faranti na uku a gindin jirgin. In gudu ya kankama, gangar jikin tana ɗagowa gaba ɗaya, wurare ukun nan ne kawai ke shafar ruwa. To daga nan iska take samun hanya ta ƙarƙashi, kuma ƙarfin ɗagawarta yana ninkuwa huɗu duk lokacin da gudu ya ninka biyu. Wanda ya taɓa ganin yadda iskar farkon damina ke shiga ƙarƙashin rufin kwano ta lalubi inda ƙusa ta saki, ya san sauran: da baki ya ɗan ɗaga, iska ta ƙara samun wurin kamawa, ya ƙara ɗagawa, shi ke nan. A gudun kilomita 480, 'yan digiri kaɗan ne tsakanin hancin jirgin da tashi sama. An zana shi ne don kimanin kilomita 400 a awa, kuma a 1967 ya shekara goma sha biyu yana aiki.

Tun a gwaji jirgin ya nuna ba ya jin daɗin sabon injin. Campbell da mutanensa sun isa tafkin Coniston a Nuwamban 1966. Da aka ba injin wuta sosai, bakin shan iskarsa ya lotse, ɓaraguzai suka shige ciki suka lalata shi, sai da aka kawo wani. Bayan nan jirgin ya ƙi ɗagowa bisa ruwa saboda nauyi ya rinjayi gaba, har sai da aka ɗaure masa buhunan yashi a baya aka ga ya tashi, sannan aka sa nauyi na dindindin. Ga sanyi da iska, ga kuɗi suna ƙarewa, ga 'yan jarida sun gaji da jira.

Ƙa'idar gasar ita ce a auna kilomita ɗaya a tsakiyar tafki, a ratsa shi sau biyu, zuwa da dawowa, cikin awa guda, a haɗa gudun biyu a raba biyu. Da safiyar ranar, wajen ƙarfe tara saura kwata, ruwa ya kwanta lumui. Zuwan farko ya yi kilomita 479 a awa, wato ya cinye kilomitan cikin daƙiƙa bakwai da rabi. Don ya cimma 483 ɗin da yake nema, yana buƙatar kimanin 487 a dawowa. Bai tsaya shan mai ba, ya juyo nan take.

A nan mutane da yawa suke yanke masa hukuncin garaje, mu kuwa muna ganin ba a yi masa adalci ba. Igiyar da jirgin ya tayar tana tafiya ta bugi gaɓa ta dawo tsakiya, saboda haka zaɓi biyu ne: ko a juyo da sauri kafin ta dawo, ko a jira ta mutu. Ya sha yin na farkon a baya ya tsira. Abin da ya bambanta wannan rana shi ne birkin ruwa, wani sandan ƙarfe da ake saukarwa a gindin jirgin don rage gudu, wanda ya yi amfani da shi a ƙarshen zuwan farko ya bar ruwan wajen a hargitse.

A dawowa gudun ya kai kusan kilomita 528. Jirgin ya fara rawa, tulun dama yana barin ruwa yana komowa, shi kuma yana ta magana ta rediyo da mutanensa, yana cewa ruwan ba kyau, ba ya gani sosai. Masu binciken da suka bi hoton bidiyon daki-daki daga baya sun fi karkata ga cewa ƙarfin injin ya faɗi a wannan gaɓa. Wannan babban abu ne, domin injin yana zaune sama-sama, turinsa yana danne hancin jirgin ƙasa, da turin ya ragu hancin ya sami 'yanci. Saura kamar mita 200 ya gama kilomitan, jirgin ya miƙe tsaye, ya wuntsila a iska, ya faɗo da ka, gabansa inda matuƙi ke zaune ya tarwatse. A irin wannan gudu ruwa ba ya buɗewa ya karɓi abu.

TAMBAYA: Shi kaɗai ne ya rasa ransa a wannan nema? Kuma wa ke riƙe da kambun yanzu? Daga wata ɗaliba a jami'ar Damagaram.

AMSA: 'Yata, ba shi ne farko ba, ba kuma shi ne ƙarshe ba. Henry Segrave ya kife a tafkin Windermere ranar 13 ga Yuni 1930, jim kaɗan bayan ya kafa tarihi da gudun da bai kai kilomita 160 a awa ba. Bakanikensa ɗaya ya mutu nan take, shi kuma an fito da shi da rai, aka shaida masa ya karɓi kambun, sannan ya cika. John Cobb ya mutu a tafkin Loch Ness na Sikotilan ranar 29 ga Satumba 1952, jirginsa Crusader ya taka igiyar ruwa a gudun da ya haura kilomita 320 ya wargaje. Mario Verga ɗan Italiya ya bi su a 1954. Lee Taylor ɗan Amurka, wanda ya karɓe kambun Campbell a Yunin 1967, ya mutu a tafkin Tahoe a Nuwamban 1980, sai Craig Arfons a Florida a 1989.

Kambun yana hannun Ken Warby ɗan Ostareliya tun Nuwamban 1977, ya kuma ɗaga shi zuwa kilomita 511 a awa ranar 8 ga Oktoba 1978, a madatsar ruwa ta Blowering. Jirginsa na katako ne, a bayan gidansa ya haɗa shi, da tsohon injin jirgin soja da ya saya a gwanjo. Ya rasu a 2023 ba wanda ya karɓe.

TAMBAYA: Ina koyar da tarihi. Ina so in haɗa wa ɗalibai wannan labari da halin da garinmu ke ciki a lokacin. Me zan faɗa musu? Daga wata malamar makaranta, Zango.

AMSA: Malama, ki fara da lissafi, yara suna son sa. Da gudun da Campbell ya yi a zuwan farko, daga Damagaram zuwa Mirya, kilomita 18, minti biyu ne da 'yan daƙiƙu. Yamai kuwa, kusan kilomita 900, ba ta cika awa biyu ba. A 1967 wannan tafiya aikin kwanaki ce a babbar mota, mafi yawan hanyar jar ƙasa mai gargada, ga ƙura a hunturu, ga caɓi da damina. Kwaltar da ta haɗe ƙasar daga yamma zuwa gabas sai a shekarun 1970 aka shimfiɗa ta.

Ƙasar tana da shekara shida da 'yan watanni da samun 'yancin kai, Diori Hamani ke shugabanci. Damagaram kuwa ta shekara arba'in da rasa matsayin babban birni, tun da Faransawa suka mayar da shi Yamai a 1926, kuma ƙarancin ruwan sha na cikin dalilan da aka bayar. Wannan ya cancanci ki tsaya a kai: mutanen da suka ji labarin wani ya mutu yana tsere a kan ruwa, su da kansu sammakon rijiya suke yi, suna sayen tulu wurin 'yan ga-ruwa.

Janairu tsakiyar cinikin gyaɗa ne. Ita ce babbar hajar da Nijar ke fitarwa a lokacin, tun kafin yuraniyom na Arlit, kuma yankinmu da na Maraɗi su ne gonarta. Kamfanin gwamnati SONARA, da aka kafa a 1962, shi ke saye. A auna a sikeli, a ɗinke buhu, a tara shi tsibi-tsibi, manyan motoci su kwasa su yi kudu ta Matamai da Magarya zuwa Kano, daga can jirgin ƙasa ya kai Ikko. Kuɗin aure, na tufafin salla, na haraji, duk a wannan watanni suke shigowa hannu. Ba a daɗe ba abin ya juye: yaƙin basasar Najeriya ya ɓarke a Yulin 1967, fari ya soma a 1968 ya tsananta a 1973, sojoji suka hamɓarar da Diori a Afrilun 1974, gyaɗar kuma ba ta sake komawa yadda take ba.

Labari kuwa ta rediyo mai batir yake zuwa, kuma ba kowane gida ke da shi ba, shi ya sa ake taruwa a zauren mai shi. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a Maris 1957, na Jamus a 1963, ga kuma gidajen rediyon Kaduna da Yamai. Masu karatun boko da ke zirga-zirgar Kano sukan taho da Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ki sa ɗaliban su tambayi kakanninsu a gidan wa ake sauraron rediyo a unguwarsu, za ki sami darasi na biyu kyauta.

TAMBAYA: An ga gawarsa kuwa? Ina jirgin yake? Daga wani mai sayar da kayan babur, bakin tasha.

AMSA: Ɗan'uwa, masu nutso na sojan ruwan Ingila sun gano jirgin a ƙasan tafkin, zurfin fiye da mita 40, amma ba su ga gawar ba, bayan kamar mako biyu aka haƙura. Cikin abin da aka tsinta a ranar akwai hular kwanonsa da wata 'yar tsana da yake tafiya da ita. Sai bayan shekara 34 wasu masu nutso ƙarƙashin jagorancin Bill Smith suka fito da jirgin a Maris 2001, suka gano gawar a watan Mayu, aka binne shi a ƙauyen Coniston ranar 12 ga Satumba na shekarar.

Jirgin an yi shekaru ana gyaransa, ana miƙe tsohon alminiyam ɗin gwargwadon abin da zai miƙu, ana ƙera sabo inda ya ɓace. A Agustan 2018 an gwada shi a tafkin Loch Fad na Sikotilan, ya sake ɗagowa bisa ruwa, amma a gudun da bai ko kusa da na da ba. Bayan doguwar taƙaddama kan wanda ke da iko da shi, an mayar da shi gidan tarihi na Ruskin da ke Coniston a Maris 2024.