Amsa: Wanda aka yi wa allurar maganin dafin maciji, ya samu garkuwa ke nan?

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ƙara wa ƙanen naka lafiya. Ka ce kububuwa ta sare shi a gona bara, aka kai shi asibitin Kaltungo aka yi masa allura ya warke, yanzu kuma yana cewa dafi ba zai ƙara kama shi ba. Kana tambaya ko gaskiya ne, kuma me ya sa ba a yin rigakafin sara kamar na ƙyanda. Aikina ke nan a ɗakin bincike, nazarin garkuwar jiki, don haka bari in amsa dalla-dalla.

Ka gaya masa tun yau: ba shi da wata garkuwa da zai dogara da ita. In ta sake sararsa, asibiti zai koma, da gaggawa.

A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai waɗanda muke kira ƙwayoyin B, ana yin su a ɓargo. Kowace ɗaya baƙon abu guda ta iya ganewa. In cuta ta shigo, wadda ta gane ta sai ta yi ta ninkuwa a cikin saifa da kaluluwa, da taimakon wasu fararen ƙwayoyin da muke kira ƙwayoyin T. Kaluluwar da ke fito wa mutum a matsematsi in ya yi gyambo a ƙafa, wannan aikin ne ke kumbura ta. Wasu daga cikin ƙwayoyin B ɗin su koma zubo antibodi, wato sinadarin da ke kama baƙon abin, cikin jini, wasu su kwanta su riƙe kamannin cutar shekara da shekaru. Waɗannan na biyun su ne ribar rigakafi. To amma abin yana cin lokaci. Mu da muke auna jini muna ganinsa da ido: a farantin gwaji mai ramuka 96, jinin da aka ɗiba a ranar farko ramin nan fari fat, na bayan mako ya ɗan yi ruwan ɗorawa, sai na bayan mako biyu ko uku ne launin ke kankama. Dafin kububuwa kuwa a sa'o'i yake ɓarna. Yana cinye sinadaran da ke sa jini ya daskare, sai ka ga dasashi na zubar da jini, tsohon rauni ya buɗe. Ba banza ba ake mata kirari da gobe da nisa.

Abin da aka zuba wa ƙanenka ta jijiya antibodi ne na dabba. Ana tatsar dafin maciji, a riƙa yi wa doki ko tunkiya allurarsa kaɗan-kaɗan tsawon watanni, jikin dabbar ya yi antibodi, a ɗebi jininta a tace. Dabarar tsohuwa ce: Behring da Kitasato suka nuna ta a 1890 a kan sarƙewar haƙora da mashaƙo, Albert Calmette ya kai ta kan dafin maciji 'yan shekaru bayan haka. Irin namu kuwa an yi su ne da dafin macizan Najeriya. EchiTAb-G daga tumaki aka samo shi a Birtaniya, na kububuwa ne kawai. EchiTAb-Plus daga dawakai a Kosta Rika, ya haɗa kububuwa da kasa da gamsheƙa. A nan Kaltungo aka gwada su biyun a kan majinyata 400, aka buga sakamakon a 2010. Ina jin daɗin faɗin wannan, don mutanenmu da yawa ba su san cewa binciken da duniya ke dogaro da shi a Jihar Gombe aka yi shi ba.

Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Antibodin dabbar ya kama dafin, ya gama aikinsa, jiki ya share shi cikin kwanaki zuwa 'yan makonni, bai bar ƙwayar B ko ɗaya mai tunawa ba. In ka taɓa taka ƙusa ka san ATS da TT, alluran sarƙewar haƙora. ATS antibodin doki ne da ke aiki nan take ya ƙare, TT kuwa koya wa jikinka yake ya yi nasa. Allurar maciji dangin ATS ce.

Akwai ma abin da nake so ku riƙe. Jikin mutum yana kallon furotin ɗin doki ko na tunkiya a matsayin baƙo, yakan yi antibodi a kansa. Shi ya sa wasu, mako ɗaya zuwa biyu bayan sallama, suke yin zazzaɓi da ƙuraje masu ƙaiƙayi da ciwon gaɓoɓi. Wasu kuma tun ana cikin zuba musu maganin ta jijiya jikinsu ke ƙin sa nan take, dole ma'aikata su kasance da allurar gaggawa ta adirenalin a kusa. Saboda haka in tsautsayi ya sake afkuwa, ku gaya wa likita an taɓa yi masa. Ba hana shi za a yi ba, sa ido za a ƙara. Wannan ne dalilin da ba a yin allurar a kemis ko a gida.

Batun rigakafi kuma. Sarƙewar haƙora guba ɗaya ce, an kashe kaifinta an mai da ita rigakafi. Dafin maciji tarin sinadarai ne masu yawa, na kububuwa daban, na gamsheƙa daban, kuma a sara ɗaya ake antaya shi da yawa. Sai jinin mutum ya kasance cike da antibodi kullum kafin ya tare shi, ƙwayoyin da ke tunawa ba za su farka a kan lokaci ba. Masu bincike sun fi karkata ga ƙera antibodi irin na ɗan'adam a ɗakin gwaji, bisa hanyar da Köhler da Milstein suka buɗe a 1975. A 2025 an fitar da wani aiki a Amurka: daga jinin wani mutum da ya shafe kusan shekara 18 yana yi wa kansa allurar dafi aka ciro antibodi biyu, aka haɗa da wani magani, suka kare ɓeraye daga macizai da dama. Dangin gamsheƙa ne duka, babu kububuwa a ciki, kuma a ɓera aka gwada. Kada kowa ya kwaikwayi mutumin nan, ya taɓa kwanciya a sume saboda sara.

In sara ta faru, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya ko roba. A cire zobe da agogo, a hana ƙafar motsi, a ɗauke shi a kan mashin ko mota. A asibiti za a zuba jininsa kaɗan a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye minti 20, a karkata. In ya kwarara kamar ruwa, dafi ya shiga, allura za a yi, a sake gwadawa bayan sa'a 6. Kafin lokacin girbi ku saya masa takalmin roba mai tsawo da tocila, kuma ku tabbata yana sa su.