Amsa ga Ɗana Game da Dutsen Camundi

Ɗana, saƙonka ya iso ni, kuma na ji daɗi da ka nemi bayani kafin ka ɗaga ƙafa. Ka ce abokan karatunka a Maisuru, birnin nan na kudancin Indiya, sun gayyace ka hawan dutsen Camundi, kana son sanin abin da ya sa mutane ke taka matakala wajen 1,000, wasunsu ma ba takalmi, alhali ga kwalta har ƙoli, da kuma yadda ya kamata ka kama kanka idan ka je.

Sai ka fara da sanin labarin da mabiya addinin Hindu suka riƙe. A faɗarsu, an yi wani azzalumin sarki mai siffar ɓauna, sunansa Mahishasura, wanda ya samu alkawari cewa babu namijin da zai iya kashe shi, mutum ne ko abin bauta. Mace kuwa bai sa ta a lissafi ba, saboda raini. Da zaluncinsa ya kai intaha, sai ababen bautarsu suka haɗa ƙarfinsu wuri guda, allahiya Durga ta fito daga ciki, kowa ya miƙa mata makaminsa: Shiba ya ba ta mashi mai baki uku, Bishnu ya ba ta faifansa na yaƙi. Ta hau zaki, aka kwana tara ana gwabzawa, a rana ta goma ta hallaka shi. Mutanen Maisuru sun ce a kan wannan dutse aka yi, kuma ita ce suke kira Camundeshwari. Shi ya sa za ka tarar da mutum-mutumin Mahishasura a can sama, takobi a hannu ɗaya, maciji a ɗayan.

Sarakunan Maisuru na gidan Wodeyar sun ɗauki Camundeshwari a matsayin mai tsaron gidansu. Sarki Dodda Debaraja ne ya sa aka sassaƙa matakalar a ƙarni na 17, tare da ƙaton bijimin nan Nandi da aka fitar daga dutse guda, wanda za ka riska bayan ka wuce rabin hanya. Hasumiyar ƙofar ɗakin bautarta da ke ƙolin dutsen, mai hawa bakwai, kuwa Sarki Krishnaraja na Uku ya gina ta a 1827.

Abin da nake so ka gane shi ne, a wurinsu hawan kansa ibada ce, domin da yawa bakance suka ɗauka: wata haihuwa take nema, wani lafiyar mahaifinsa, wani cin jarrabawa. Za ka ga mace riƙe da ɗan faranti, tana sunkuyawa tana ɗiga kurkur da jan gari a kan kowace matakala, tun daga gindin dutsen har ƙoli, gumi na zuba amma ba ta tsallake ko ɗaya. Kada ka yi mata dariya, kuma kada ka ɗauki hotonta sai ta yarda. Taron ya fi cika a ranakun Juma'a na watansu na Ashada, wajen Yuni zuwa Yuli, da kuma lokacin bikin Dasara a Satumba ko Oktoba, inda ake ɗora gunkin Camundeshwari cikin karagar da aka lulluɓe da zinariya mai nauyin kilo 750 a bayan giwa, a fito da ita daga fada da jerin gwano irin na hawan salla.

Kai Musulmi ne, don haka ra'ayina shi ne ka je a matsayin baƙo mai neman ilimi, ka tsaya a nan. Ka sa tufafin mutunci, ka tuɓe takalmi inda suke tuɓewa, ka rage murya. Idan aka miƙo maka kwakwa ko alawar da aka riga aka gabatar wa gunkin, ko aka nemi shafa maka jan gari a goshi, ka ɗora hannu a ƙirji ka yi godiya, ka ce addininka bai ba ka dama ba. Ya fi kyau ka gaya wa abokan naka haka tun a masauki, don kada wani ya ji kunya a gaban iyayensa. Ku fita da sassafe kafin rana ta gasa duwatsun, kuma ka riƙe ledarka da kyau, don birai sun yi yawa a hanyar.