Na yi sikanin takardu, amma kwamfuta ta kasa gano sunan da nake gani da idona

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni sakatare ne a wata ƙungiyar manoma a Funtuwa. Gara ta fara ci mana takardun taro da rasidai, sai na kai su shagon kwamfuta aka yi musu sikanin, aka zuba mini a filash a matsayin PDF. Amma in na nemi sunan mutum a ciki, sai kwamfuta ta ce babu, alhali ga sunan nan ina kallo. Yawancinsu da tafireta aka buga su da Hausa, wasu kuma rubutun hannu ne. Ina aka yi kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Ba a yi kuskure ba, rabin aikin aka yi maka. Na'urar sikanin hoto kawai take ɗauka. A wajen kwamfuta, shafin nan da hoton akuya duk ɗaya ne, ɗige-ɗige ne baƙi da fari. Gwada ka gani: ɗora linzamin kwamfuta, wato maus, a kan kalma ɗaya ka ja. In shafin gaba ɗaya ya yi shuɗi, ko ma babu abin da ya motsa, to hoto ne a hannunka.

Rabin da ya rage shi ne OCR, wato manhajar da ke duban siffar kowane harafi a hoto ta mayar da shi rubutu. Ba ta taɓa hoton. Rubutun da ta karanto take shimfiɗawa a ɓoye a ƙarƙashinsa, kalma daidai kan kalma. Kai kana ganin tsohuwar takardarka da hatiminta, amma in ka danna maɓallan Ctrl da F don neman kalma, ɓoyayyen rubutun ake bincikawa.

In shafukan kaɗan ne, ka ɗora fayil ɗin a Google Drive ka buɗe shi da Google Docs, zai fito maka da rubutun. Sai dai yana son fayil ɗin da bai wuce megabait 2 ba, kuma yakan wargaza jadawali. Ban da haka, takardun da ke ɗauke da sunayen membobi da kuɗinsu, ni ba na gaggawar kai su intanet. Ga tarin takardu irin naka na fi son wata manhaja mai suna OCRmyPDF. Kyauta ce, a kwamfutarka take aiki, kuma Tesseract ce ke yi mata karatun, manhajar da kamfanin HP ya ƙirƙira ya sake ta ga jama'a a 2005. Da rubuta umarni ake sarrafa OCRmyPDF, don haka ka nemi yaron da ya iya ya saita maka sau ɗaya. Adobe Acrobat Pro ma tana yi, amma da kuɗi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Manhajojin nan sun fi sabawa da Turanci, haruffanmu masu lanƙwasa kuwa, ɓ da ɗ da ƙ, baƙi ne a wajen yawancinsu. Sai ta ga ƙasa ta rubuta kasa, ta ga ɗaki ta rubuta daki, wani lokacin ɓ ta koma 6. Ka nemi Ɗanladi a ce babu, alhali yana nan a matsayin Danladi. Tafireta kuma ta ƙara dagula lissafi, domin da yawa ba su da waɗannan haruffa: wani magatakarda ya bar su haka nan, wani ya bi da biro yana ƙara musu lanƙwasa. Saboda haka duk kalmar da za ka nema, ka neme ta sau biyu, da lanƙwasa da babu. Ko ka ɗauki guntun da ba shi da rigima, kamar "anladi".

Lambobi ma a yi hattara. Sifiri da harafin O suna rikita ta, haka 1 da ƙaramin l, alamar naira kuma ta zama N ko wani shirme. OCR ta kai ka shafin, adadin kuɗin kuwa ka karanta shi da idonka a hoton.

Ka tambayi mai shagon da wane ƙarfi ya yi sikanin. Ɗigo 300 a kowane inci ake so. In ya rage don fayil ya yi sauƙi, ko shafukan sun karkace, gara a sake yi tun takardun suna nan.

Rubutun hannu, musamman in da ajami a ciki, kada ka sa rai da waɗannan manhajoji. Abin da zan ba ka shawara a kai shi ne suna mai ma'ana ga kowane fayil: shekara, wata, rana, sannan abin da ke ciki, kamar "1998-03-14 taron rabon taki". Sai ka buɗe jadawali ɗaya a Excel, ka rubuta sunayen mutanen da ke cikin kowace takarda a gefen sunan fayil ɗinta. Aikin zama ne, amma shafi ashirin a rana bai fi ƙarfinka ba. Takardun asali kuma a sa su a akwatin ƙarfe, a ɗaga shi daga ƙasa saboda garar nan.