Yayana ɗan sanda ya rasu a bakin aiki, ni kuma ina Makka, me zan yi wa iyalinsa?

Tambaya: Salam Malam. Ina zaune a Shara Mansur, ƴan bindiga sun kashe yayana ɗan sanda a Zamfara, ya bar mata da yara huɗu. Na yi masa umra, ina tura riyal in na samu, amma ance akwai haƙƙinsa a gwamnati. Ta ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. Umrar nan Allah ya kai ladan, amma maganar gaskiya yanzu takardu su ne gaba da komai.

Kuɗi biyu ne, mutane suna cakuɗa su. Akwai inshorar rai, dokar fansho ta 2014 ta ce ba za ta gaza albashinsa na shekara sau uku ba, sannan akwai abin da ya taru a asusunsa na fansho, na ƴan sanda galibi yana hannun kamfanin fansho na NPF Pensions. Kowanne da hanyarsa.

To a nemo takardar shaidar mutuwa, da sigina, wato sanarwar da rundunar jiharsa ta fitar kan rasuwar, a duba wa ya rubuta magajinsa a fayil domin anan rigima take tashi, wani tun yana saurayi ya sa sunan ƙaninsa bai canza ba har ya yi aure ya haihu. In bai bar wasiyya ba sai an karɓo takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu kafin a taɓa kuɗin fansho. Kuma wanda sunansa ke fayil ya sani fa, kuɗin fanshon nan gado ne, a kai wa malamai ko alƙali ya raba.

Ka san anan Saudiyya shahidul wajib suke ce wa irinsu, har asusu na musamman gwamnati ta buɗe wa iyalansu. Mu can an ware 7 ga Afrilu ranar ƴan sanda, madalla, amma fareti ba ya biyan kuɗin makaranta, kuma biyan haƙƙi yakan ja lokaci sosai.

Don haka matar tana takaba wata huɗu da kwana goma, kar a bar mata zirga-zirgar ofis, ka wakilta mutum ɗaya mai amana, kowace takarda ya ɗauko hoto ya turo maka ta WhatsApp. In a bariki suke a fara neman haya tun yanzu, gidan na gwamnati ne. Riyal ɗinka kuma ka tsayar da shi duk wata ko kaɗan ne, kai tsaye asusunta, kuɗin makarantar yara ka biya makarantar da kanka.